An Hana Jabez Bangaje Gola

Asabar, 1 ga Satumba, 1894
Jabez ya dawo daga filin ƙwallo, ko shayi bai sha ba. Wai an yi sabuwar doka: ba a bangaje gola sai ƙwallo tana hannunsa. To shi mijin nawa da me yake cin ƙwallayen da garin nan ke masa kirari a kansu? Sai ya kwantar da gola da kafaɗa tukuna, sannan ya gangarar da ƙwallo cikin raga a tsanake. Shekara da shekaru ba wanda ya kai shi ci, ashe kafaɗa ce ke aikin. Na ce madalla, ya koma masaƙa kamar kowane ɗan mutunci.

Asabar, 15 ga Satumba
Bai ci ba, makon jiya ma haka. An ce ya buga wata ƙwallo ta faɗa tukunyar mai sayar da dafaffen wake.

Talata, 18 ga Satumba
Mista Openshaw, sakataren kulob, ya zo har gida, hula a hannu. "Jabez, kwamiti ya ba ka zuwa ƙarshen wata. In ba ci, akwai wani ɗan Scotland yana jiran gurbinka." Don murna na cika masa kofi har baki. Bayan tafiyarsa Jabez ya zauna yana shafa wa takalminsa kitse, ƙato guda yana hawaye. Haushi ya kama ni. Da tausayi, ɗan kaɗan.

Alhamis, 20 ga Satumba
Ni da bakina na ce zan tsaya masa gola a lungun baya, tsakanin sandunan shanya. Don dai ya gane ba zai iya ba. Ya taho a guje, hali zanen dutse, ya bar ƙwallon ya kwashe ni da kafaɗa, sai cikin ɗakin kwal. "Yi haƙuri Selina, sabo ne!" Na ce, "Saɓo dai. Matar taka?"

Juma'a, 21 ga Satumba
Wayyo haƙarƙarina.

Litinin, 24 ga Satumba
Yau na gano ciwon. Runtse ido yake in zai buga! Na ce tun yaushe? "Tun ina yaro. Ai da gola yana ƙasa, me zan kalla?" Kai, Allah Ya haɗa ni da aiki.

Laraba, 26 ga Satumba
Da ido a buɗe wasu sun wuce ni. Sauran na kama, har yana roƙo in riƙa sassauta masa. Ban sassauta ba.

Asabar, 29 ga Satumba
Na je filin, amma gyalensa da ya manta na kai masa. Gola a tsaye ƙiƙam, Jabez ya zura ta kusurwa. Openshaw ya ce ɗan Scotland ya nemi wani garin. Shi ke nan masaƙa ta bi ruwa, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Maƙwabta na yaɗawa wai an ga wata mata a kan shinge tana ihu, "Buɗe idonka, jakin banza!" har hularta ta faɗi. Ni ban san ta ba. Muryata dai ta dushe, mura ce.

Jibi da sassafe za mu koma lungu. Ƙafarsa ta hagu har yanzu ba ta tsinana komai.