Makunnan Wutar Gidanmu

Litinin, 6 ga Oktoba
Hatanaka mai gyaran wuta ya zo. Wayoyin gidan nan duk sun tsufa, dole a sake su kafin a sallamo maigidana, Baban Kayo, daga asibiti. Ya baje mini makunnai a kan tabarma, farare da masu ruwan ƙasa, masu faɗi da 'yan firit. Ina ruwana da launi? Na nuna mai faɗin, mai ɗan koren haske da ake gani cikin duhu. Sai ya tambayi tsayin da za a kafa su: daidai ƙirjin mai tsaye, ko ƙasa, inda hannun mai keken guragu zai kai. Na ce shayinsa na hucewa.

Laraba, 8 ga Oktoba
Ruwa tun safe. Maƙwabta sun gama girbe mana shinkafar. Ban leƙa ba.

Asabar, 11 ga Oktoba
Kayo ta bugo daga birnin Sendai. Ita dai ɗiyar nan bakinta ba linzami. "Mama, kin fa ji abin da likita ya faɗa. Ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. A sauke makunnan ƙasa kawai." Na ce tunda ita ta haife mu, sai ta zo ta sauke. Na kashe wayar, sannan na zauna na yi kukana. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya yi mini zafi.

Talata, 14 ga Oktoba
Na kai wa Baban Kayo dafaffiyar kabewa asibiti. Ya ci kaɗan, da hagu, rabi a riga. Na yi suɓutar baki na ambaci makunnan.
"A bar su inda suke," in ji shi. "Da ƙafata zan shiga gidana."
Tun aurenmu shi ke bin ɗakuna yana kashe fitilun da na bari, yana mita wai ni da almubazzaranci uwa ɗaya uba ɗaya. Yanzu sai na bar su duka a kunne, ba mai cewa uffan. Ban taɓa sanin zan yi kewar faɗa ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Hatanaka ya ce ran Litinin zai huda bango, in an manna takardar adon bango kuma shi ke nan. Idan na sa a sama, Baban Kayo zai zauna cikin duhu sai ya kira ni, mutumin da ko ruwa bai iya roƙa ba. Idan na sa a ƙasa, bangon gidansa ne zai gaya masa abin da duk muka kasa faɗa masa.

Lahadi, 19 ga Oktoba
A gidanmu ba a faɗin irin wannan magana kai tsaye. Haka na tashi na gani, haka shi ma. Na zauna bakin gadonsa ina matsa kafaɗata, na ce kwanan nan ba na iya ɗaga hannu sosai, tsufa ya zo.
Ya daɗe yana kallona. Ya san jiya-jiya na sauko da barguna daga saman kabad ni kaɗai, ni da bakina na ba shi labari.
"Kafaɗa ce, ko?"
"Kafaɗa ce, Baban Kayo."
"To a sauke. Kada ki wahalar da kanki."
Ya juya fuska wajen taga. Na tattara kwanuka a hankali, don ya samu ya goge idonsa.

Alhamis, 23 ga Oktoba
An gama. Hatanaka ya yi mini sannu da kafaɗa, mutumin kirki, ya ma ba ni sunan wani man shafawa.
Ba laifi, sun yi kyau. Ni dai sai na ɗan sunkuya, zan saba. Bayan ya tafi na jawo kujerar kicin, na bi ƙofa-ƙofa ina zama ina miƙa hannu. Gwadawa kawai nake. Duk suna kaiwa.
Sai a ƙofar ƙarshe na lura dukkansu ta hagu suke, ɓangaren hannun Baban Kayo mai lafiya. Na buga wa Hatanaka na tambaye shi dalili. Ya ce ai ni na ce a yi haka, tun ranar farko.