Ba A Tambayi Yaya Asabe Ba

Zuwa ga Likita Bature da ya yi wa yayata aiki,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, ranka ya daɗe. Sunana Garba, maɗinki ne ni a Haɗejiya. Na zo ƙofar ofishinka har sau biyu masinja yana mayar da ni, shi ya sa na rubuto ta jarida.

Wadda nake magana a kanta Asabe ce, makitsiya, ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu. Bara da damina ƙari ya fito mata a cinya. Ruwa ya shafe hanya, sai a kwalekwale muka fitar da ita, muka hau jirgin ƙasa muka zo gare ka. Kun karɓe mu, kun ba ta gado, ban manta ba. Amma abu uku sun tsaya mini a rai.

Na farko, maganin barci na ranar da kuka yi mata aikin cire ƙarin. Tun tana yarinya Yaya ke da fuka, hayaƙin murhu ma kan tayar mata da ita. Na faɗa wa tafintanka, ya ce ya ji. Duk da haka tsumma kuka jiƙa da magani kuka kifa mata a hanci. Ta wuni ba ta farka ba, da ta farka kuma kwana huɗu tana numfashi da kyar tana amai. Daga baya na ga wani dattijo da kuka yi wa aiki a ƙafa da allurar gadon baya, wadda ke kashe rabin jiki mutum yana farke. Wataƙila kana da dalilin hana ta wannan. To, me ya sa ba a faɗa mana dalilin ba?

Na biyu, allurar da ta biyo baya. An kawo takarda da Turanci aka ce ta dangwala yatsa, wai ta sallama ce. Ba a sallame ta ba. Duk mako sai allura a jijiya. Bakinta ya yi gyambo har kunu ya gagare ta, dasashinta na jini. A mako na uku gashinta ya fara biyo mataji. Matar da amaren unguwarmu ke jiran layi a gabanta, na same ta tana tattara gashin kanta tana ƙullewa a bakin zane. Ta ce da ni, “Garba, tambayo mini ko laifi na yi musu.”

Wani malamin asibiti, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada ya rasa aikinsa, shi ya gaya mini gaskiya: maganin sabo ne, gwada shi kuke yi ku ga abin da yake yi wa jikin mutum. Nan na gane dalilin da kullum kuke ɗora ta a sikeli, kuna ɗiban jininta, kuna tambayar sau nawa ta yi amai, ana rubutawa. Ni a zatona kulawa ce.

Na uku, hoto. Kun yaye mata zane kun ɗauki cinyarta, kun cire mata ɗankwali kun ɗauki kanta, ga maza a tsaye. An ce ƙasarku za a kai.

Na dawo da ita gida lokacin yankan shinkafa. Ba ta ƙara bari kowa ya ga kanta ba har ta cika. Ban ce kai ka kashe ta ba, ajali na Allah ne, ciwon kuma mugu ne. Abin da ke ci mini rai, na san halin Yaya. Da kun zaunar da ita kun ce ga magani ba ku tabbatar da shi ba, zai wahalar da ita amma wataƙila ya amfani wasu, da ta yarda.

Roƙona, ranka ya daɗe, a dawo mana da hotunan nan mu ƙone su. A riƙa karanta wa mutane takarda da Hausa kafin su dangwala. Wanda za a kwantar kuma a gaya masa irin magungunan barcin da ake da su, a ji ta bakinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da sani. Ranar da kai ma za ka kwanta a gadon aiki, Allah ya haɗa ka da likitan da zai tambaye ka.

Wassalam,
Garba Maɗinki, Haɗejiya.