Gwangwanin Gwaggo Hajo

Alhamis, 26 ga Janairu, 2023. Ƙaura Namoda, bayan isha'i.

Yau ƙauyen Sakajiki aka tura ni wayar da kan mata kan canjin kuɗi. Motar lasifika ta tsaya bakin hanya tana yi wa maza ihu, ni kuma na shiga gidaje da fostoci masu hoton sabuwar naira, wadda ni kaina ban taɓa riƙewa ba.

Na yi jawabina tsaf: a kai tsofaffin kuɗi banki kafin wa'adi ya cika. Da mata suka watse, Gwaggo Hajo mai ƙuli-ƙuli ta ja ni ɗakinta, ta tono gwangwani cike da tsofaffin kuɗi daga ƙarƙashin randa. Tarin shekaru ne, na likkafaninta, don kada ta ɗora wa kowa nauyi.

"Ba ni da banki, ɗiyata. In na ba ɗana Sani, gobe babur za shi saye."

Na karɓi kuɗin, na ce zan canzo mata. A taron horaswar da aka yi mana babu wanda ya ambaci irin su Sani.

Yanzu kuɗin suna ƙarƙashin matashina, gobe zan yi sammakon layin banki. Da fosta biyu muka naɗe su. Duk yinin nan, aikin da fostocin suka yi ke nan.