Ƙofarka da Na Kushe a Gaban Matar Banki

Zuwa ga tsohona, angona da bai tsufa a idona ba sai dai a gwiwa, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira. Kafintan zuciyata, mai fensir a bayan kunne, mai ƙamshin sabon katako, mai fushi irin na hadarin da ke cika gari da rugugi har kaji su ɓuya!

Gaisuwa mai yawa, da ban haƙuri wanda ya fi gaisuwar yawa. Ina gwiwar? Ina bayan? An ce min a kujerar falon Autanmu kake kwana, ƙafafu a waje kamar katakon da ya fi mota tsawo. Na kira ka a waya, ka miƙa wa jikarka ta ce min wai Kaka yana barci, alhali ga tarinka nan ina ji a gefenta. Malam, tarin da na yi shekaru ina jinya ne zai ɓace min? Shi ya sa na ɗauko biro. Ka san karatuna bai yi nisa ba, rubutuna kullum kamar sawun kaza a kan ɗanyen siminti, amma yau ba ƙarancin karatu ne ya karkata layin ba. Tsoro nake ji, hasken idona, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba tun da ka sa ni a ɗaki.

Bari in maido maka da zancen tun daga tushe, don kai wutsiyarsa kawai ka ji ta tagar shago, ka ɗauki jaka ka yi gaba.

Auta ya zo mana da maganarsa, kai a ƙasa. Mai gidan da suke haya ya sake ƙara kuɗi, ya kuma ce yana neman mai saye, su fara shiri. Farashin gidaje kuwa ya yi tashin da ko ungulu ba ta kai can ba. Banki ya yarda ya ba shi rancen da zai sayi ɗan sashe a sababbin benayen nan na bakin titi, ya riƙa biya wata-wata, amma sai an jinginar da wani gida ya tsaya masa. Wane gida ne? Namu. Kai kuma, mai zuciya kamar kogin da ba ya hana kowa ɗiba, kafin shayinka ya huce ka ce ka amince. Ranar Litinin za a sa hannu, kuma ana bukatar nawa hannun kusa da naka, tunda kai ne ka nace tun farko sai an rubuta sunana a takardun gidan. A gaban yaron murmushi kawai na yi.

Ka san abin da na gani? Ka manta da maƙwabciyarmu, matar marigayi direba? Ita ma ɗanta ta tsaya wa. Yaron kirki ne, ba ya caca, ba ya shaye-shaye, kamfaninsu ne kawai ya rufe. Kai kana asibiti wajen awon ido ranar da aka zo yi wa gidan gwanjo, ni kuwa ina tsaye a ƙofa. Na ga gadonta a titi, ƙafafu sama kamar mataccen akuya. Na ga tukwanenta a jere bakin kwata. Ita kuma tana tsaye rungume da agogon bango, tana tambayar duk wanda ya wuce, wai a ina za ta rataye shi. Wayyo Allah! Tun ranar da ka ce ka amince, in na rufe ido agogon nan nake gani, amma a hannuna.

To, sai na yi dabara irin ta tsofaffi. Na ce a raina, banki ai kamar mai neman aure ne, in aka ce masa yarinyar ba ta da lafiya zai janye da kansa, ba sai an yi faɗa da kowa ba. Ranar da za su turo mai ƙiyasta kuɗin gidan, na yi sammako na watsa ruwa a bangon ɗakin ajiya don ya yi kama da mai danshi. Na ja kabad na buɗe tsagewar nan da ka ɓoye. Matar ta iso da takalminta mai tsini, da tef ɗin awo, da waya tana ta ɗaukar hoto, na tarbe ta kamar 'yar da na haifa. Na ce mata kwanon rufin nan yoyo yake kamar rariya. Na ce gara ta cinye silin, addu'a ce kawai ke riƙe da shi. Na ce akwai wani maciji da ke ziyartar banɗaki, har mun saba, gaisawa muke. Allah Ya yafe min, har maƙwabta na haɗa, na ce ba mai iya runtsawa a layin nan saboda kiɗa. Ina faɗa tana rubutawa, zuciyata fes, ina ganin na gama da banki.

Da muka zo fita sai ta tsaya a ƙofar gida, ta shafa katakon da tafin hannu, ta ce kai, wannan aiki ya yi kyau. Na ga duk wahalata za ta tashi a banza. Sai bakin nan nawa, wanda ka sha cewa ya fi zartonka kaifi, ya ce ai wani ɗan koyo ne ya haɗa ta, a karkace take, sai an sa kafaɗa take rufuwa. Ban rufe baki ba na ji ƙarar zarto ta tsaya a shago. Tsit! Ka fito, ƙurar katako a gemunka, ka dube ni kamar baƙuwar da ta yi ɓatan hanya. Ka zuba kayan aikinka a jaka, ka ja ƙofar da ɗan yatsa ɗaya, ta rufu a bayanka ba ko ƙara.

Ɗan koyo! Ni na faɗa? Kai da ƙofofinka suka cika rabin unguwar nan? Ya raɓar safiyata, ya zumar da ba ta gundura, da harshe yana ciruwa da na cire shi na aiko maka a leda ka yi masa hukunci.

Kana tuna ranar da muka sayi filin nan? Ba kowa a wajen sai ciyawa da awakin mutane, gari yana can nesa kamar hayaƙi. Ba mu da kuɗin bulo ko ɗaya. Kai kuma ka ce kafinta ba ya jiran magini, ka sassaƙa ƙofa, ka ɗauko ta a kai, ka kafa ta a tsakiyar fili, ba bango, ba rufi, iska na wucewa ta hagu da dama. Na zo da tsohon ciki, na ga ƙofa tsaye ita kaɗai a daji, dariya ta kama ni har na durƙusa. Na kewaya ta gefe zan shiga, ka daka min tsawa, wai mutanen gidan nan ta ƙofa suke shiga. Ka sa na koma na ƙwanƙwasa, ka buɗe min da fara'a kana min sannu da zuwa, har da cewa in cire takalmi kada in ɓata maka daɓe. A ranar na san na auri mahaukaci, a ranar kuma na san ko sarki aka ba ni ba zan yi musaya ba. Wannan ƙofar na kushe a gaban baƙuwa. Ina zan kai wannan kunya?

Amma tsaya ka ji abin da ba ka ji ba, don shi ne ya hana ni cin abinci. Bayan ka tafi, matar ta riƙe hannuna tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce Mama, ki huta da wahalar da kanki, wai ta ga bokitin da na watsa ruwan da shi. Ta ce su ba gini suka zo aunawa ba, fili suka zo gani. Gari ya zo ya kewaye mu, titi ya iso, kowane taku na ƙasar nan yanzu zinariya ne. Ta ce duk wanda ya sayi wurin nan ba zai kwana a ciki ba, katafila zai kawo ya share, ya dasa bene. Ginin ma, in ji ta, a wajen lissafi kuɗin rushe shi za a cire. Ta faɗa cikin ladabi, kamar mai ba ni labari mai daɗi.

Ka ji fa, Malam! Na ci mutuncin aikinka a banza, banki na son gidanmu ko da maciji goma ne a banɗaki. Ni da nake tsoron wani ya zauna a ɗakina, ashe ɗakin ma ba za a bar shi ba. Tun daga ranar nake zagaya gidan ina taɓa abubuwa kamar mai bankwana. Kantar kicin da ka saukar daidai tsawona, kana tsokanata wai ka auri mace rabi. Matakalar da ka rage wa tsayi shekarar da ƙafata ta fara ciwo, ba tare da na roƙa ba. Tagar da ka huda ta fuskanci titi, ka ce don hukumar gulma ta samu ofis. Duk wannan kuɗin rushewa ne? Rayuwarmu kenan, abin da za a biya a kwashe? In mota mai nauyi ta wuce, kofuna suka yi ƙara a kanta, sai in dafe ƙirji in ce shi kenan, sun iso.

Kada ka zaci ba na tausayin yaron nan. Ni na goye shi. Matarsa ta zo shekaranjiya da cikinta a gaba, ba ta ce min komai a kan rance ba. Ta wanke min kwanuka, ta share tsakar gida, da za ta tafi sai ta tambaye ni a hankali ko ina da kwalaye marasa amfani, wai tana so ta fara haɗa kaya kafin mai gidan hayarsu ya ba su takardar tashi. Na ba ta, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. In na ƙi sa hannu, kayan jikokina ne a titi. In na sa, wataƙila nawa ne. Auta ba mayaudari ba ne, amma aikinsa a hannunsa yake? Shekarun biyan bashin nan, da kuɗin ruwan da ke hawa kansa, sun fi abin da ya rage mana a duniya yawa. Wa zai tsaya mana in ya yi tuntuɓe? Wa ke ba tsofaffi biyu haya, ɗaya ba gwiwa, ɗaya ba ta iya riƙe bakinta?

Ya watan da ke raka matafiyi, ya bishiyar da na jingina da ita tun ina yarinya, kai ka yanke shawara da zuciya, ni na yi yaƙi da ƙarya, babu wanda ya zauna ya tambayi ɗan'uwansa. Kai ba ka ce min me kike gani ba, ni ban ce maka ina jin tsoro ba. Yanzu na faɗa. Ina jin tsoro, ina jin tsoro, kamar tsuntsuwar da ta ji gatari a gindin bishiyarta. Kuma tsoron ya ninka tunda ba ka nan. Shagonka shiru, gefen gadonka sanyi, na dafa abincin mutum biyu na zauna ina kallonsa. Wa zan tsokana? Kyanwa? Ita ma ta goyi bayanka, ko kallona ba ta yi.

Ga abin da na yanke, ka saurara da kyau don ba zan iya maimaitawa ba. Ba zan kunyata ka a gaban ɗanka ba, ba kuma zan bar jikokina su zama abin kallo a titi ba. Zan je bankin ranar Litinin. Amma ba zan shiga mota ni kaɗai in same ku a can kamar wadda aka kira shari'a ba. Ka dawo gida kafin ranar. Ka zo ka yi min faɗan da ka haɗiye, ka yi har maƙwabta su leƙo, na cancanta. Sannan mu zaunar da Auta, ya karanta mana takardun nan layi-layi da bakin da za mu gane, har wurin da aka rubuta abin da zai same mu in biya ya gagara. Ina so in ji shi da kunnena, kana kusa da ni.

In bayan ka ji duk wannan ka dube ni ka ce mu sa hannu, zan sa. Sai dai ka ga yadda layukan nan suka karkace, hannun nan ba zai iya shi kaɗai ba. In an miƙo min biro, kada ka tsaya kallon silin kamar yadda ka saba in abu ya dame ka. Ka kama wuyan hannuna a gaban ma'aikatan, a gaban ɗanka, ka riƙe da ƙarfi kamar yadda kake riƙe katako in za ka yanka, har sai na gama rubuta sunana. In gidan ya tsira, mu tsufa a cikinsa muna faɗa. In ya tafi, to mu biyu muka bayar, ba wanda zai zargi wani.

Ni ce taka, a gidan kanmu ko a ɗakin haya, da rufi ko babu, da haƙora ko babu, har ranar da za a ɗauke ɗayanmu a bar ɗayan yana mita,

Tsohuwarka mai bakin tsiya, wadda ke zaune tana jiranka.