Hancina Ya Ce Ruwan Ya Yi, 'Yata Ta Ce Bai Yi Ba

Malama, don Allah ki agaza mini kafin Asabar, murna na nema ta sa in yi ɓarna!

Shekara talatin ina sana'ar wanki da guga kafin in bar wa yara shagon. Maiɗakina gwiwoyinta sun matsa mata, daga ɗaki zuwa kicin sai ta dafa bango. Likita ya ce tafiya cikin ruwa za ta taimaka. Sai na sa aka gina mana ɗan kwamin ninkaya a bayan gida, inda muke shanya a da. Ki zo ki gani, Malama! Ruwan iya ƙirji, da matakala, da ƙarfen riƙewa. Ni da safe tsayawa kawai nake ina kallonsa ina dariya ni kaɗai.

Matsalar, baiwar Allahn nan tsoron ruwa take, ko a gada rufe ido take yi. Wata biyu ina lallashi, sai shekaranjiya ta ce Asabar za ta shiga. Har ta ba tela ɗinkin kayan shiga!

To, na sayo kulorin, maganin tsabtace ruwa, mai tsaba-tsaba kamar sukari. Ni da maganin wanki kuwa mun san juna, ban taɓa awo ba. Da rana tsaka nake dumbuza da hannu in watsa, in shinshina. In ya bugi hanci, ya yi. Jiya na shiga gwaji, na fito ido jajur, baƙin gajeren wandona ya yi dabbare-dabbare. Autarmu, nas ce, ta ce uwarta ba za ta tsoma ko yatsa ba sai an gwada ruwan da wata takarda. Yarinyar da na goya za ta koya mini wanki? Amma gaskiya ina jin tsoro. Na san matata: in ta sha wuya ranar farko, ta bar ruwan har abada. Me zan yi?

Tsohon Mai Wanki

Baba Mai Wanki, wasiƙarka ta sa ni murmushi. Allah ya saka maka da wannan kulawa.

Kana da gaskiya, ruwan da ke tsaye dole a sa masa kulorin. Amma autarka ta fi ka gaskiya. Riga ba ta da ido, ba ta da fata. Hanci kuma ruɗi yake: wari mai ƙarfi sau da yawa alama ce ta kulorin da ya haɗu da datti ya gaji, ba ta tsabta ba.

Ka sayi takardar gwajin yau. Ana tsoma ta, a kwatanta launinta da na jikin kwalbar da take zuwa a ciki. Kulorin ya tsaya tsakanin ɗaya da uku, ma'aunin tsamin ruwan (pH) kuma tsakanin 7.2 da 7.6. In kulorin ya haura, kar ka ƙara komai, ka bar rana ta cinye shi, ko ka rage ruwan ka zuba sabo.

Nan gaba ka tambayi maginin lita nawa kwamin yake ci, ka auna yadda aka rubuta a jikin robar kulorin. Ka sa safar hannu. Cika bokiti da ruwa tukuna, sannan ka zuba garin a ciki. Kada ka kuskura ka zuba ruwa a kan garin. Dama shi da sanda ya narke, ka bi gefe-gefe kana zubawa da yamma, injin tace ruwa yana aiki. Kashegari ka sake gwadawa. Kada ka haɗa shi da kowane maganin wanki, ka adana shi a rufe, inda babu laima.

Ka ba autar aikin gwajin, a gaban mahaifiyarta. In Asabar ta zo launin bai daidaita ba, ka ɗaga ranar, ko ranka bai so ba. Mama ba da ruwan ta yarda ba, da kai ta yarda. Allah ya ba ta lafiya, ya nuna maka ranar da za ta taka zuwa kicin ba ta taɓa bango ba.