Masaƙa Irin Ta Baba a Gidan Tarihi

Yaya Idi,

Gaisuwa mai yawa daga Birchi. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kumasi?

Na kai saƙin Baba Kano. Kwana biyu ina zaga kasuwar Kurmi, ko tayi ban samu ba, kowa atamfa yake so. Sai aka ja ni kallon gidan tarihi. Yaya, masaƙa na gani irin tamu sak, an kewaye ta da igiya. Zare ɗaya ya tsinke, na kai hannu in ƙulla, mai gadi ya daka mani tsawa, wai kayan mutanen dā ne.

Ka gaida yara, ka sa mu a addu'a. Baba na gindin durumi yana saƙa. Har yau ban gaya mashi abin da na gani a Kano ba.

Ƙanenka,
Mamman