Hannun Ɗan Yayata Lafiya Lau, Zuciyarsa Ce Ta Karye

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗau zafi. Duk wanda na kai wa kuka a wurin aiki sai ya ce in yi haƙuri, ai ƙwallo ce. Na san ƙwallo ce. Da ita nake ciyar da gidana.

Ni kocin masu tsaron raga ne a wata ƙaramar ƙungiya. Na yi gola a zamanina har gwiwa ta ce ta gaji, na koma koyarwa. Gola biyu ne a hannuna. Na farkon ɗan yayata ne, cikinmu ɗaya da mahaifiyarsa, kuma a gidana yake zaune tun da ya gama makaranta. Mage ake ce masa saboda tsallensa. Ba don jinina ba ne, Gwaggo, yaron nan Allah ya ba shi hannu. Ni na koya masa buɗe yatsu a bayan ƙwallo, da faɗuwa a kan gefen jiki ba kan gwiwar hannu ba, da yadda ake fitowa a matse ɗan gaba har ya ga raga ta koma masa kamar kafar allura. Duk ya haddace.

To, a wasan kofi na watan jiya, ana kunnen doki, wani ya yi bugu daga nesa, bugun da ko tsohuwa za ta tare da bakin zaninta. Mage ya sunkuya bai sa gwiwa ƙasa ba, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, tana tafiya a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Aka fitar da mu. Wani ɗan kallo ya ɗauka a waya, ya ɗora masa kiɗa, ya watsa. Yanzu Rariya suke kiransa. Har mai shagon bakin layinmu, wanda bai san fenareti daga bugun kwana ba, in ya gan shi sai ya tambaye shi ko ya zo tankaɗe.

Abin da ke cina a rai shi ne, a wurin atisaye ba ka ganin komai. Duk abin da na jefa masa sai ya cafke. Amma ranar wasa, da an busa usur, sai ya kafe a kan layi kamar an dasa shi. A kawo bugun kwana, ba zai fito ba, ba zai yi ihu ya ce tasa ce ba, 'yan baya suna waiwayensa shi yana kallonsu. In aka ci shi ɗaya, to ka shirya, ta biyu da ta uku suna hanya.

Ba abin da ban yi ba. Na ninka masa atisaye. Na yi tsawa, na yi lallashi. Bidiyon nan na nuna masa ya fi a ƙirga, har a kan tabarmar cin abinci, ina tsayar da shi daidai inda gwiwar ta ƙi sauka don ya ga kuskuren da idonsa. Amsarsa ɗaya ce kullum: to, Kawu. Wannan "to, Kawu" ɗin ita za ta kashe ni. Gara ya yi min rashin kunya in san akwai sauran wuta a cikinsa. Yanzu ma a ɗakinsa yake cin abinci.

Na biyun kuwa, Buldoza, hannunsa kamar faranti, komai ya taɓa sai ya yi tsalle ya dawo fili. Abin da ya kamata ya kama sai ya naushe. In na yi gyara ya yi dariya. Amma a ci shi, zai ɗauko ƙwallo daga raga, ya balbale 'yan baya da faɗa, ya tafa hannu, shi ke nan ya manta. Wanda na yi shekaru ina gogewa tsoro ya cinye shi, wanda ba ya jin magana yana barcinsa har da minshari. Ina adalci a nan?

Ranar Asabar muna da wasa da maƙwabtanmu, wasan da magoya baya ba sa yafewa. Babban koci ya ce ni na san golana, in zaɓa. Na san tarko ne. In na sa Mage ya sake zubarwa, a ce son kai na yi, aikina ya tafi. In na sa Buldoza, Yaya ta riga ta kira ni tana kuka, ta ce ta ba ni yaro mai fara'a na mayar mata da shi kurma, kuma in na zaunar da shi a benci na tabbatar wa duniya rariyar ce. Jiya kuma maiɗakina take gaya min ya ce mata zai ajiye safar hannu ya bi wani abokinsa gyaran waya. Ita ya gaya wa, ba ni ba.

Na iya koyar da hannu da ƙafa, Gwaggo. Zuciya fa, ta ina ake kama ta? Wa zan sa ranar Asabar?

Tsohon Gola Mai Ciwon Gwiwa

Amsa

Koci, sannu da ƙoƙari. Ban taɓa tsaron raga ba, amma na ga abu ɗaya a wasiƙarka: yaron nan koci gare shi a fili, koci a gida, koci a bakin kwano. Kawunsa ya ɓace masa, shi ya sa ya kai kukansa wurin maiɗakinka. Daga yau, in kun shigo gida, maganar ƙwallo ta tsaya a bakin ƙofa tare da takalma. Bidiyon nan kuma ka goge shi. Ya san gwiwarsa ba ta sauka ba, duk gari sun gaya masa.

Ba na ganin laifinka a kan tsananin. Gola ba ya yiwuwa da shagwaɓa, kuma kana da haƙƙin ƙungiya a wuyanka, ba na 'yar'uwarka kaɗai ba. Ita ma Yaya ba ta yi ƙarya ba, uwa ce ta ga ɗanta yana dusashewa. Inda ta kuskure shi ne ɗaukar benci a matsayin kabari.

Ranar Asabar ka sa Buldoza. Jefa mai rauni gaban 'yan kallon da ke jiran faɗuwarsa ba gata ba ne. Amma kada Mage ya ji a ɗakin canza kaya tare da kowa. Ka zauna da shi tun yanzu, ka gaya masa hutu ne, ka faɗa masa wasan da zai dawo, zai fi kyau na waje, inda ba mai yi masa waƙa. Ka sa babban koci ya amince da wannan a gabanka, don hukuncin ya zama naku ku biyu. Sannan ka taka da ƙafarka ka je wurin Yaya, kada ka yi ta waya.

A atisaye, ka daina gwada abin da ya riga ya iya. Koya masa abin da ake yi bayan an ci mutum. Ka shirya yadda dole ƙwallo ta wuce shi, nan take wata ta biyo, ka yaba masa a kan ta biyun. Ya samu ɗan abin da zai riƙa yi duk sanda aka ci shi, ko taɓa turken raga ne, ko kiran sunan ɗan baya da ƙarfi, alamar waccan ta wuce. Bugun kwana ku faro daga fili ba kowa, ku riƙa ƙara mutane kaɗan-kaɗan. Ka bar shi ya riƙa yawo da Buldoza, kowa zai shafi abin ɗan'uwansa.

In ya yi maganar gyaran waya, ka saurara har ya gama, kada ka katse shi. Wanda ya san ƙofa a buɗe take ya fi jin daɗin zama. In kuma ka ga barci da abinci sun ƙaurace masa, ku nemi likita, ba abin kunya ba ne.

Allah ya ba ku sa'a ranar Asabar, ya dawo wa yaron nan da muryarsa, ya bar zumunci tsakaninka da yayarka.